Gammon Da Na Ɗauko Daga Bawku

Ranar da Yaya Bako ya yi maganar, mu biyar ne a ɗakinsa na Kakuri. Akwai shi kansa, kwance a katifar da aka saukar masa ƙasa, don hawa gado ya fara gagararsa. Akwai matarsa Talatu a bakin ƙofa tana tsintar shinkafa. Akwai Oga Emeka makanike, maƙwabcinsu, ya kawo rediyon da ya gyara musu. Akwai 'yata Rifkatu, wadda ke riƙe da biron nan yanzu, don ni ban taɓa shiga aji ba, kuma na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta yi wa maganata kwalliya. Sai ni Ladi, matar marigayi Malam Yohanna dattijon ikilisiya, Uwar zumuntar mata ta cocinmu na Nasarawa. Na lissafa su ne don in wata ta ce na ƙara gishiri, ta san inda za ta je ta tambaya.

Tun da na dawo kun hana ni sakat. Mama, yaya Gana? Mama, da gaske ana dukan mata a kasuwa? Wasunku don son labari, wasunku don neman abin faɗa. To ga shi nan gaba ɗaya, sau ɗaya, kada a sake tare ni a bakin famfo.

Sai na fara da gidanmu, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya fitar da tsohuwa kamata ba. Kakanmu shi ne sarkin dutsenmu, can kudu da Kachiya. A ƙasarmu ba a naɗa sarki, ba a taɓa sabuwar dawa, ba a binne babban mutum, sai an fara zuba giyar gidanmu a ƙasa. Kowane gida ana dafa burkutu, amma tamu daban take, kuma abin da ya bambanta ta shi ne uwa. Uwa ba mutum ba ce. Gammo ne da ake saƙawa da ciyawar tofa. Ana jefa shi cikin randa lokacin da giya ke tashi, kumfa ta kama shi, a tsame a rataye a hayaƙin murhu ya bushe. In za a sake dafawa, shi ake jefawa a sabuwar randa ya tashe ta. Kakarmu ta yi wa Inna nata, don Inna ma 'yar gida ce, auren zumunci suka yi da Baba, Inna kuma ta yi mana biyu, ni da ƙanwata Kande. Na Inna an binne ta da shi, haka ake yi. Nawa kuwa ni na jefa shi wuta da hannuna, ranar da aka yi mini baftisma, a gaban jama'a.

Sarautar ma ba ta daɗe ba. Aka kawo hakimi daga nesa aka ɗora mana, Baba ya mutu da sunan sarki kawai. Yaya Bako da ya kamata ya gaje shi, a masaƙa ya ƙare, ƙurar auduga ta cinye masa ƙirji. Kande kuma ta auri wani mutumin Gana da ya zo haƙar kuza a Jos, ɗan gidan sarauta ne a garinsu, ya tafi da ita tun muna da sauran ƙuruciya.

To ranar, rediyo na ta maganar zaɓe, Oga Emeka yana cewa, "Baba, soja za su koma bariki o! Oktoba sai farar hula."

Yaya ya ce, "Su koma, su dawo, ni dai ba da ni ba." Ya yi tari mai tsawo, sannan ya juyo gare ni. "Ladi, ina so in ɗanɗana giyar gidanmu kafin in tafi."

Talatu ta ce, "Ga burkutu cike da Kakuri, in aika a sayo?"

"Wannan ruwan wanke randar?"

Oga Emeka ya ce, "Baba, ni kawo maka bammi daga Sabon Tasha, fresh one, gobe-gobe."

Yaya bai ko dube shi ba. Ni yake kallo. Na ce, "Yaya, ka san ko ni wace ce a coci."

Ya ce, "Na sani. Na kuma san 'yar gidan wa ce ke. Gammon Kande yana nan, in ita tana nan."

Kwana uku ban koma Kakuri ba. A na huɗu na je na ce zan tafi. Ku kuma na ce muku zan je gaida ƙanwata. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi duka ba, kuma na san bambancin.

Na ji an ce Gana ba sabulu, ba sukari, sai na cika jaka da su, har da gwangwanin madara. Yaya ya sa Talatu ta auno jar dawa mudu uku daga wadda aka aiko masa daga gida. Na ce ina zan kai wannan nauyi, can ba su da dawa ne? Ya ce ba a zuwa wurin uwa hannu rabbana. Na ɗauka ina gunaguni. Abin da nake da shi na neman Kande kuwa, tsohuwar ambulan ce guda, mai sunan ƙauyensu a baya.

Daga Kaduna motar katako muka hau. Kusa da ni wata Hajiya Balaraba ce, 'yar kasuwar goro, ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Tun kafin mu kai Tegina ta sa mini suna Maman Coci, don ta ga na sunkuya na yi addu'a da mota ta tashi. Bayan Kwantagora ruwan sama ya cinye hanya, mota ta kafe har gindi. Direba ya ce kowa ya sauka. Maza suka tura, mata muka tsaya muna ba da shawara. Da zan koma, taɓo ya riƙe mini takalmi ɗaya, na lalube har gwiwar hannu ban same shi ba. Hajiya ta yi dariya har da hawaye, ta zaro silifa guda daga kayanta ta ba ni. Haka na shiga ƙasar mutane, ƙafa ɗaya baƙin takalmin zuwa coci, ɗaya jan silifa.

A Kamba muka kwana a rumfar tasha, da safe muka nufi iyaka. Namu ma'aikatan ba su wahalar da ni ba. Na Nijar ne, wani jandarma siriri, ya karɓi katin allurata ya juya shi ya sake juyawa, ya ce in sa hannu a wani babban littafi. Na ce ba na rubutu. Ya kama babban yatsana ya dangwala a tawada kamar wanda zai yanka kaza. Na ce masa, "Ɗana, yatsan nan ya girmi ubanka, riƙe shi a hankali." Hajiya ta taka mini ƙafa. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Yi haƙuri, Inna," har ya ba ni takarda in goge.

Mutanen Nijar suna da gaisuwa, wannan na ba su. Sai dai burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ga tauri, sai da na jiƙa shi a shayi sannan haƙorana suka yarda. Dambun zogalensu kuwa ya fi namu, ba zan ɓoye ba. A Yamai Hajiya ta kai ni gidan mai masaukinta a zango, ɗakin mata, mu kusan goma a tabarma. Lahadi ta same ni a can. Ban san inda coci yake ba, ban kuma ga fuskar da zan tambaya ba. Na koma bayan ɗaki wajen tulunan ruwa na zauna na yi waƙa ɗaya a hankali. Kun san ni nake bayarwa ku amsa. Na ba da baiti, na yi shiru inda kuke shigowa, ba kowa. Sai wata akuya da ke kallona.

A nan muka rabu da Hajiya, ita kasuwancinta ya tsaya. Ta raka ni tashar motar da ke zuwa ƙasar Bolta, ta damƙa ni a hannun direba, ta ce, "Maman Coci, in kin shiga Gana ki haɗiye bakin nan naki. Waɗancan ba jandarma ba ne."

Daga Yamai zuwa Fada Gurma kwana ɗaya da wuni, ba wanda ke jin Hausa a motar. In na yi magana sai a yi mini murmushi, irin wanda ake yi wa kurma. A Bolta na ga mata a kan keke da babur, goyo a baya, tulu a kai, zane a tattare. Da farko na ce wannan rashin kunya ne. Da na tuna yadda muke taka ƙafa daga Nasarawa zuwa Unguwar Mu'azu da kaya a kai, sai na janye maganata. A wani ƙauye da muka tsaya, wata tsohuwa da muke zaune tare ta sayo abu a ƙwarya, ta kurɓa, ta miƙo mini da hannu biyu. Na ɗauka kunu ne. Da ya iso hancina na gane giya ce, na mayar mata. Ta dube ni, ta dubi ƙwaryar, ta juya mini baya har muka rabu. Ba ni da harshen da zan ba ta haƙuri.

Iyakar Gana kuwa, a nan na ga abin da ake kira juyin juya hali. Ƙananan sojoji ne suka ture manyansu, suka ce za su wanke ƙasa, kuma duk wanda aka gani da kaya da yawa ɓarawo ne. Samari ne, idanu jajaye, ba mai dariya. Ɗaya ya tare ni da Hausa, amma irin tasu, wadda ba ta san mace ba.

"Kai Mama, me ka ɗauko?"

Na ce, "Ni mace ce."

"To kai mace, buɗe jaka."

Ya fito da sabulu, ya fito da sukari, ya jera madara a ƙasa, ya kira abokansa. Suka ce kayan ɓoyo ne, irinmu ne muka kashe ƙasa. Na ce tsaraba ce, ƙanwata zan kai wa. Na buɗe baki zan ƙara, sai na hangi wata mata a gefe an sa ta durƙusa a rana da buhun gishiri a kai, sai maganar Hajiya ta faɗo mini. Suka kwashe duka. Na ƙarshe ya cusa hannu a ƙullin dawa, ya watsa kaɗan a ƙasa, ya ce abincin kaji ne, in ɗauka in wuce.

Kasuwar Bawku babba ce, amma rabin rumfunan a wofi, mutane suna ciniki ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki. Na sayi wake da shinkafa a ganye, jajaye ne don da karan dawa suke dafawa, na ci a tsaye. Wani tela a zango ya karanta mini ambulan, ya haɗa ni da matan ƙauyen da za su koma gida. Muka taka har la'asar, suna gaba suna hirarsu, ina baya da silifana.

Gidan babba ne, ɗakuna zagaye-zagaye sun fi ashirin. Abin da na fara gani a ƙofa tarin fasassun randuna ne, ya kai ƙugu. Wata tsohuwa na zaune gindin bishiya tana ɓare gyaɗa, baya a tanƙware. Na yi mata sallama da Hausa, na ce ina neman Kande 'yar Najeriya. Ta ɗago ta daɗe tana dubana, daga kai har ƙafa, ta tsaya a kan takalman.

"Uwargidan coci," in ji ta. "Wa ya mutu?"

Ni na goya Kande. Amma da a kasuwa muka haɗu, da na gaishe ta da Mama na wuce.

Na ce, "Ba wanda ya mutu tukuna."

Na yi mata magana da yarenmu, sai na ga tana lalube, kalma ɗaya ta zo, biyu su ɓace. Shekara talatin da wani abu ba ta da wanda za ta yi shi da shi. Ni kuma ba na jin na mijinta. Dole muka koma Hausa, harshen da Inna ba ta taɓa yi mana magana da shi ba.

Mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'yanta biyu suna kudu wajen koko. Ita ce mai dafa giyar gidan sarki, su "fito" suke ce wa giyar, kuma tacewa suke yi ta fito garau, ba kauri irin tamu ba. Ta ce wata biyu da suka wuce sojoji suka zo da mota. Wani ya kai ƙara cewa gidan sarki na ɓoye dawa. Suka buɗe rumbuna, suka tara mutanen gari, suka sayar musu da dawar a farashin kwanturol da gwamnati ta yanka, har da iri. Sarkin, wan mijinta, tsoho mai furfura, suka ɗora masa buhu a kai suka zagaya da shi gari, talakawansa na kallo. Tun ranar bai sake fitowa daga ɗakinsa ba, ni ma har na baro ban ga fuskarsa ba, sai tarinsa. Ita kuma suka ce tana sayar da ƙwaryar giya sama da ƙa'ida. Ta sassauta zane ta nuna mini bayanta. Na ga abin da na gani.

Na ce, "Uwa fa?"

Ta yi wata 'yar dariya. "Ashe ba bayana kika zo gani ba."

Ta ce da ta ji ƙarar mota, sai ta fizgo gammon daga saman murhu ta ɗora a kai, ta aza tulu. Suka fasa randuna goma sha ɗaya, suka tunkuɗe tulun kanta, gammon ya faɗi, ɗaya ya shure shi gefe. Wa zai kula da gammo? Ta shiga ɗaki ta fito da shi. Baƙi ƙirin, ya sha hayaƙi. Na san saƙar, ta Inna ce a ciki, Kande ta yi ta ƙara masa sabuwar ciyawa a kai.

Na gaya mata saƙon Yaya. Na ce ta yanko mini kaɗan in ƙulle a zane in kai wa Talatu ta dafa.

"A yanka? Nama ne? Ladi, coci ta cinye miki tunani ne ko kuwa gangan kike yi?"

Gangan nake yi. Na san ƙa'ida sarai. Ba a yanka uwa, ba a aika ta. In ba mahaifiya ce ta saƙa wa 'yarta ba, wadda za ta ɗauka, ita za ta saƙa sabon gammo da hannunta, ita za ta dafa, a jefa tsoho da sabo a randa ɗaya, kuma ita za ta fara sha kafin kowa. Kuma sai 'yar gida. Talatu ba 'yar gida ba ce.

Na ce, "Na yi alkawari a gaban Ubangiji, Kande. Ni nake tsawata wa matan da ke dafawa. Ni nake kai sunansu gaban dattawa."

"Na ji labari. Har nan aka kawo mini cewa kin ƙone naki ana tafi." Ta mayar da gammon cikin zane. "Ni an tsaga mini baya a kan nawa. Ki huta kwana biyu, in raka ki mota. Ki ce wa Yaya kin same ni lafiya."

Kwana biyun nan ba mu yi wata magana ba sai ga tuwo, ga ruwa. Tuwonsu mai laushi ne, da ɗan tsami, tuwon zafi suke ce masa ko ya huce. Na zauna ina kallon matan gidan suna wucewa, ba mai ce mini komai, ba don ƙi ba, don ba hanya. Na yi addu'a, ban ji an ce mini yi ba, ban ji an ce bari ba. Abin da nake ji kawai tarin tsohon nan daga ɗaki, iri ɗaya da na Kakuri.

Rana ta uku na kwance ƙullin dawa na ce ta ba ni ƙwarya. Ta zuba hannu a ciki ta ɗebo, ta kai hanci. "Ta gida ce," in ji ta, da yarenmu, kuma ba ta lalube ba. A gidan kaf ba a bar ƙwayar da za a jiƙa ba. Ba don mudu ukun nan ba, da ko na yarda ba abin da za a dafa.

Na jiƙa, na baza a ɗaki na rufe da ganye, ina yayyafa ruwa safe da yamma har ta yi tsiro. Na shanya, na niƙa a dutse. Kande na zaune a kan turmi tana ba da umarni kamar ba ni na koya mata ba.

"Wutar ta yi yawa, Uwargida."

"Na dafa giya kina tsirara."

"Kin kuma bari ina da ciki na fari. Rage itacen."

Randa ɗaya ta rage a gidan, ƙarama, mai tsaga a baki. Muka dafa a bayan ɗaki inda hayaƙi ba zai fito hanya ba, don ko an ce sojan sun kusa sauka su ma, ba wanda ya yarda. Na je bakin fadama na yanko tofa. Na zaci na manta saƙar. Yatsuna ba su manta ba, har na ji haushinsu. Da ruwan ya kwana ya yi tsami, na sake dafawa, ya huce, muka jefa gammo biyu. Washegari da hantsi randa na magana, kumfa har baki.

Kande ta ɗebo a ƙoƙo ta miƙo mini. Na karɓa. Na sha.

Ta ce, "To?"

Na ce, "Ba ita ba ce. Ta Inna ta fi wannan nauyi a harshe. Wannan tana da wani ɗaci a ƙarshe."

"Ita ce. Ban taɓa haɗa ta da ta kowa ba."

"Ta sha ruwan ƙasar nan shekara da shekaru, ta canza."

"Ko kuwa bakinki ne ya sha shayin coci ya mutu."

Wa zai raba mu? Duk duniya mutum uku ne suka rage da suka san giyar Inna, biyu ga mu nan mun kasa yarda, na ukun yana kwance a Kakuri.

Na rataye gammona a hayaƙi kwana uku. Na ce wa Kande ta zo mu tafi gida tare. Ta ce wane gida? Wa zai dafa wa tsohon nan kunu? Ta raka ni har bakin hanyar mota, ta ɗora mini gammon a kai da hannunta, ta aza ƙullin kayana. Ta ce, "Kada ruwa ya taɓa shi, in ya jiƙa zai farka a hanya ya mutu." Ba mu yi kuka ba, gidanmu ba a yi. Da mota ta tashi na waiwaya, ta riga ta juya.

Dawowa ba wanda ya tare ni. Iyaka uku na wuce da shi a kai, ana buɗe ƙullin kaya, ana barin gammo. Sai tsakanin Dosso da Gaya hadari ya taso, motar kuma ba rufi. Na cire shi na cusa cikin riga, na dunƙule a kansa, ruwa na dukan bayana. Da ɗumin jiki ya kama shi sai wari ya tashi. Wani Alhaji da ke gefena ya shaƙa, ya yi a'uziyya, ya matsa. Wata mata ta leƙo ta ce, "Inna, an ɗan taɓa ne don sanyi?" Ni Ladi. Na ce mata ta kula da ɗanta, majina na zuba.

Na iso na sami Yaya da rai, amma ya koma kamar kara. Ban dafa a Kakuri ba. A gidana na dafa, a Nasarawa, bayan ɗakin girki, da rana tsaka. Kun ji warin. Wasunku sun shigo aron rariya, wasu neman garwashi, duk na gan ku, ba wadda ta iya tambaya.

Ranar da giyar ta tashi ita ce ranar da aka rantsar da shugaban farar hula. Gari ya cika da hon na motoci, Oga Emeka ya fito da rediyo waje ana ta ihu. Shi ya ɗauke ni a motarsa da tulu a cinya, da muka isa ya ce, "Mama, you try." Talatu ta tada Yaya ta jingina shi da bango. Na kurɓa tukuna, yadda ake yi, na miƙa masa ƙoƙon.

Ya zuba kaɗan a ƙasa, ya kira sunan Baba, ya kira na kakanmu. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya rufe ido. Ina kallon maƙogwaronsa har ya haɗiye.

Na ce, "Yaya, ita ce?"

Da ya buɗe ido ba ni yake kallo ba, ƙoƙon yake kallo.

"Ban sani ba, Ladi. Na ɗauka in na sha zan tuna." Ya sake kurɓa. "Na manta ta."

Talatu ta fita waje. A rediyo ana ta buga badujala.

Ya miƙo ƙoƙon ya ce, "Ƙara mini. Hannun 'yar gidanmu ne dai ya dafa."

Na ƙara masa.

Washegari da safe, kafin wata ta riga ni, na yi wanka na tafi gidan Fasto. Na same shi yana karyawa, na ƙi zama. Na ce na dafa giya, na sha sau biyu, ɗaya a Gana ɗaya a Kakuri, ba wanda ya tilasta ni, kuma ga makullin akwatin zumunta. Ya tambaye ni ko na tuba. Na ce in na tuba zan zo in faɗa masa da bakina, yadda na zo yau. Daga nan na biya kasuwa na auno dawa mudu biyu, na dawo gida na jiƙa.